Ruth Bishop da ƙwayar rota: an yabi ganowa, an manta da bibiya

Duk inda aka ambaci Ruth Bishop, jimla guda ce ke biyo baya: matar da ta gano ƙwayar rota a 1973. Da wannan aka ba ta lambar yabo ta Yarima Mahidol a Tailan a 2011, da wannan kuma aka yi ta'aziyyarta da ta rasu a watan Mayun 2022 tana da shekara 89. Jimlar gaskiya ce. Amma wanda ya zauna ya bi takardun da ta wallafa zai ga cewa jimlar ta ƙara mata wani abu, ta kuma tauye mata wani abu. Ta ƙara mata domin likitocin dabbobi sun riga ta ganin wannan ƙwaya da shekaru. Ta tauye mata domin aikinta mafi nauyi ya zo ne shekara 10 bayan haka, kuma shi ne wanda ba a cika kawowa ba.

Ga ita ƙwayar a taƙaice. Rota bairos ce da ke shiga ta baki, ta sauka ƙaramin hanji, ta shige cikin ƙwayoyin da ke lulluɓe da bangon hanjin, waɗanda aikinsu shi ne tsotse ruwa da abinci. Idan ta lalata su, abin da yaro ya sha ba ya zama. Sai amai, sai zazzaɓi, sai zawo tsululu na kwana 3 zuwa 8. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki: ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, yaro ya yi laushi har ya kasa kuka. Flagyl da sauran magungunan kashe bakteriya da ake saya a kemis ba sa taɓa ta. Ruwan gishiri da sukari, da zinc, da ci gaba da ba da nono, su ne ke riƙe yaro har ta wuce.

Kusan kowane yaro a duniya sai ya kamu da ita kafin ya cika shekara 5, ɗan attajiri a Landan da ɗan talaka a Zariya, domin ƙasa da ƙwaya 100 sun isa su kama mutum, alhali giram ɗaya na bayan gidan mai cutar na ɗauke da biliyoyi. Tsafta kaɗai ba ta tare ta. Bambancin yana wajen mutuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna rota ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kusan 528,000 a shekarar 2000, adadin ya sauko zuwa kusan 215,000 a 2013, kuma kusan rabin waɗannan a ƙasashe huɗu ne: Indiya, Najeriya, Pakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. A Afirka ta Yamma tana tashi ne da sanyin hunturu, kuma ta fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 2, daidai lokacin fitowar haƙori. Wani kaso na abin da iyaye ke kira zawon haƙori, rota ce.

Yara tara a Melbon

Bishop masaniyar bakteriya ce a asibitin yara na Royal Children's da ke Melbon a Ostireliya. Ta yi shekaru tana binciken bayan gidan yaran da ake kwantarwa da gudawa, kuma a mafi yawansu ba ta samun wata bakteriyar da za a ɗora wa laifi. Abokan aikinta biyu, Graeme Barnes da Rudge Townley, sun riga sun nuna cewa bangon farkon ƙaramin hanjin irin waɗannan yara a lalace yake. A nan ne ta yi tunanin da ya kamata a yaba mata: maimakon a ci gaba da tonon bayan gida, a je inda raunin yake a duba. Wani matashin likita, Geoffrey Davidson, ya riƙa zura siririn bututu ta bakin yaran yana gutsuro ɗan ƙanƙanin naman hanji. Aka kai wa Ian Holmes da Brian Ruck a Jami'ar Melbon, su ne masu madubin elektiron, na'urar da ke nuna abin da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba zai taɓa nunawa ba. Rota ƙarama ce ƙwarai: sai an jera kusan 14,000 kafin su cika milimita ɗaya.

Takardar ta fito a mujallar Lancet a ƙarshen 1973 da sunaye huɗu. Yara 9 aka duba, aka ga ƙwayar a cikin hanjin 6, kamanninta iri ɗaya a dukkansu. Uku daga cikin yaran aka sake gutsurowa bayan sun warke, ba a ga komai ba. Wannan dubawa ta biyu ita ce ƙarfin takardar, domin ta nuna ƙwayar na zuwa da ciwon, tana kuma tafiya da shi.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yara 9 a wata 3 a gari ɗaya ba su isa a ce an gano babban sanadin gudawar yaran duniya ba, kuma ganin ƙwaya a wurin rauni bai tabbatar da cewa ita ta yi raunin ba. Sun kuma sanya ta cikin dangin da ba nata ba, dangin orbi, wanda ya ƙunshi ƙwayar da ke kumbura harshen tumaki, irin wadda ƙwari ke yaɗawa. Abin da ya ɗaga takardar shi ne abin da ya biyo bayanta da sauri. Thomas Flewett a Birmingham ta Ingila ya ga ƙwayar a bayan gidan yara kusan lokaci ɗaya, wanda ya sa kowane asibiti mai madubin elektiron zai iya dubawa ba tare da an taɓa hanjin yaro ba. Su kansu mutanen Melbon suka yi bincike na shekara guda a kan yara 378, suka same ta a fiye da rabinsu, suka wallafa a 1975. Sunan da suka fara laƙaba mata bai zauna ba. Na Flewett ne ya zauna: rota, wato ƙafar keke da harshen Latin, saboda haka take a madubi.

Yanzu a dawo baya. A 1943 Jacob Light da Horace Hodes a Baltimo ta Amurka sun ɗebi bayan gidan jarirai masu gudawa, suka tace shi da mataci wanda bakteriya ba ta iya wucewa, suka ba maruƙa. Maruƙan suka kama zawo. An adana samfurin, kuma bayan fiye da shekara 30 da aka duba shi aka ga rota ce. A 1958 Hubert Malherbe a Afirka ta Kudu ya samo wata ƙwaya daga biri wadda aka sa wa suna SA11, ita ma daga baya aka gane rota ce. A 1963 Adams da Lisbeth Kraft suka wallafa hoton ƙwayar a cikin hanjin 'ya'yan ɓera masu zawo. A 1969 Charles Mebus, likitan dabbobi a Jami'ar Nebraska, ya nuna cewa wata bairos ce ke jawo zawon da ke kashe wa makiyaya maruƙa. Shi ya yi abin da likitan mutane ba zai iya yi ba: ya ba lafiyayyen maraƙi ƙwayar, ya ga ya kamu, ya sake ciro ta daga jikinsa. Ya raina ta a kwalba, kuma tun kafin tsakiyar shekarun 1970 makiyayan Amurka na da rigakafin da suke ɗiga wa maruƙansu. 'Ya'yan mutane ba su samu nasu na farko ba sai 1998.

A 1974 Flewett ya haɗa kai da Gerald Woode da Janice Bridger, masu binciken cututtukan dabbobi a Compton, suka nuna cewa ƙwayar yara da ta maruƙa 'yan uwa ne, ba a iya bambance su a madubi. A ganina wannan takarda ta cancanci rabin yabon da ake ba ta 1973, kuma ba ta samun ko kashi ɗaya cikin goma. Ba Bishop ce ta ɓoye wa kowa wannan tarihi ba. Katanga ce tsakanin sana'o'i biyu: likitan yara ba ya karanta mujallar likitocin dabbobi, likitan dabbobi ba ya zuwa taron likitocin yara. Za a iya yi wa mutanen 1943 uzuri cewa madubin elektiron bai yaɗu ba. Daga 1963 kuwa hoton na nan a buga, a hanjin ɓera, a daidai ƙwayoyin da aka zo aka duba a Melbon bayan shekara 10. Ko raina rotar mutum a kwalba, wanda ya gagari kowa shekaru, sai da Richard Wyatt da abokansa suka bi da ita ta cikin 'ya'yan aladu da aka raina ba tare da ƙwayoyin cuta ba, har sau 11, sannan ta yarda a 1980.

Jariran da ba su yi ciwo ba

Ga aikin da nake ganin ya fi. A tsakiyar shekarun 1970 Bishop da abokanta suka lura da wani abu mai ɗaure kai a ɗakunan jarirai na asibitocin haihuwa a Melbon. Jarirai da yawa na fitar da rota a bayan gidansu a kwanakin farko na rayuwa, amma mafi yawansu lafiya lau, ko kuma ɗan zawo kaɗan. Wani zai rubuta wannan ya wuce. Ita sai ta yi tambaya: me zai faru da waɗannan yara nan gaba? Ta ɗauki jarirai 81, 44 da suka kamu a makonnin farko da 37 da ba su kamu ba, aka bi su shekara 3, ana ɗibar jini, ana duba bayan gida duk lokacin da suka yi zawo. Sakamakon ya fito a New England Journal of Medicine a 1983. A kowane rukuni, ɗan abin da ya haura rabi sun kamu da rota a cikin shekarun nan uku, wato kamuwar farko ba ta hana ta biyu ba. Amma waɗanda suka kamu tun suna jarirai, da ta sake zuwa, kaɗan ne suka nuna alamun ciwo, kuma ba mai tsanani ba.

Wannan ya sauya abin da ake nema daga rigakafi. Da a ce an nace sai an samu wanda zai hana kamuwa gaba ɗaya, kamar yadda ake tsammani daga na ƙyanda, da an yi ta jefar da rigakafi masu amfani. Takardar 1983 ta ce a bar ƙwayar ta shiga, abin da ake so kada ta kai yaro gadon asibiti. Duk rigakafin rota da ake amfani da shi yau, da wannan ma'auni aka auna shi: nawa ya rage gudawa mai tsanani. Aikin ba mai ƙyalli ba ne. Bin yara 81 gida gida na shekara 3 babu hoto mai ban sha'awa a cikinsa, wataƙila shi ya sa ba a tuna shi.

Yabon gwani ya zama dole, amma takardar na da iyaka, kuma iyakar ta shafe mu. Ba ƙuri'a aka yi aka raba jariran ba, ƙwayar ce ta zaɓi wanda ta kama, don haka akwai yiwuwar rukunan biyu sun bambanta tun asali ta wata fuska. Adadin kaɗan ne. Yaran kuma 'yan Melbon ne, ƙosassu, masu ruwan famfo mai tsabta. Da aka gwada tunanin a wasu wurare, amsar ta rabu. A Meziko, binciken Raúl Velázquez na 1996 a kan jarirai 200 ya goyi bayanta sosai: bayan kamuwa biyu, babu yaron da ya sake yin gudawar rota mai tsanani ko matsakaiciya. A Delhi, M. K. Bhan ya ga jariran da suka kamu da wani nau'i a ɗakin haihuwa sun samu kariya daga baya. A Vellore ta kudancin Indiya kuwa, tawagar Gagandeep Kang ta bi yaran unguwannin talakawa ta ga wani abu daban. Kamuwa da nau'in da ke yawo a ɗakin jarirai na can bai ba da kariya ba, kuma a rahotonsu na 2011, ko bayan kamuwa uku kariyar daga ciwo mai tsanani ko matsakaici ta tsaya ne a kashi 79 cikin 100. Ke nan abin da Bishop ta gani gaskiya ne game da nau'in Melbon a hanjin yaran Melbon. Mayar da shi doka ta kowane hanji ne ya wuce abin da hujjar ta ɗauka.

Shanu a cikin kwalbar rigakafi

Kundin gadon rota a gutsure yake gida 11. Ɗauka cewa kowace ƙwaya na riƙe da karta 11 masu lamba ɗaya zuwa sha ɗaya. Idan rotar saniya da ta mutum suka haɗu a cikin ƙwayar hanji ɗaya, sai kartocin su cakuɗe, 'ya'yan da za su fito kowace ta ɗauki lamba ɗaya daga nan, lamba biyu daga can. Wannan na faruwa da kansa a inda mutane da dabbobi ke kwana kusa. Nau'in da ake kira G8, wanda aka fi sani a shanu, ana samunsa a yaran Afirka fiye da na Turai, kuma M. I. Adah da abokansa sun ba da rahotonsa a Najeriya a 2001. Masu yin rigakafi sun ari wannan dabara. Tunanin tsoho ne, na Edward Jenner da ya yi amfani da cutar shanu ya kare mutane daga agana a 1796: ƙwayar dabba ba ta da ƙarfin sa mutum ciwo, amma tana iya koya wa jikinsa faɗa.

Rigakafin farko da aka gwada a kan yara, RIT 4237, ƙwayar maruƙan Nebraska ce ta Mebus. Timo Vesikari ya gwada shi a Finlan a farkon shekarun 1980, ya yi aiki da kyau. Aka kai shi Ruwanda da Gambiya, ya gaza, aka watsar da shi. Na Albert Kapikian, RotaShield, wanda aka gina a kan rotar biri, ya samu lasisi a Amurka a 1998, aka janye shi a 1999 saboda an ga yana ƙara haɗarin shigewar hanji cikin hanji, kusan yaro 1 cikin 10,000. Janyewar ta rufe masa ƙofa har a ƙasashen da rota ke kashe yara ninkin ba ninkin wannan adadi, domin babu ministan lafiyar da zai karɓi abin da Amurka ta ƙi. Sai 2006 aka wallafa manyan gwaje-gwajen sabbi biyu, kowanne a kan jarirai sama da 60,000. Rotarix nau'in mutum ne da aka raunana. RotaTeq kuwa gangar jikinsa ta wani maraƙi ce da aka samo a Pensilbaniya a 1981, aka sa mata rigar rotar mutum. Kariyarsu daga gudawa mai tsanani ta kai kashi 85 zuwa 98.

Da aka kawo su Afirka, abin da ya faru a Gambiya ya maimaita kansa, sai dai da sauƙi. Rotarix ya ba da kusan kashi 77 a Afirka ta Kudu, kashi 49 a Malawi. RotaTeq, a gwajin da George Armah ya jagoranta a Gana, Kenya da Mali, ya ba da kashi 64 a shekarar farko, ya sauko zuwa kashi 39 idan aka haɗa da ta biyu. A Madarumfa ta jihar Maraɗi a Nijar, Sheila Isanaka da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF sun gwada Rotasiil na kamfanin Serum Institute na Indiya, wanda shi ma tushensa rotar wani maraƙin Ingila ce, kuma yana jure zafi ba sai an ajiye shi a firji kullum ba. Cikin jarirai 3,508, an samu gudawar rota mai tsanani sau 31 a rukunin da aka ɗiga wa rigakafin, sau 87 a rukunin da aka ɗiga wa ruwan wofi. Kashi 66.7 ke nan, aka wallafa a 2017.

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan lambobi na nufin rigakafin ba shi da amfani a nan. A wancan gwaji na Rotarix, duk jarirai 100 da aka ɗiga wa, an hana ciwo mai tsanani sau 6.7 a Malawi, sau 4.2 a Afirka ta Kudu. Inda cuta ta fi yawa, rabin kariya ya fi ceton rai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2009 cewa kowace ƙasa ta sa shi a jadawalinta. Dalilan raguwar ƙarfin kuwa da yawa ake nunawa: garkuwar da jariri ya gado daga uwa tana iya kashe ƙwayar rigakafin kafin ta yi aiki, hanjin yaro na iya kasancewa a kumbure saboda yawan haɗuwa da ƙwayoyin cuta, ga tamowa, ga ɗigon shan inna da ake bayarwa tare. An ma zargi nono, aka gwada jinkirta shayarwa na ɗan lokaci kafin ɗigon da bayansa, ba a ga wani alfanu ba. Don haka babu dalilin hana jariri nono ranar rigakafi.

Amsar Bishop ga wannan matsala tana cikin firjinta tun shekarun 1970: nau'in nan na ɗakin jarirai, wanda aka sa wa suna RV3. Hujjar na da kyau a takarda. Ƙwaya ce da ta saba da hanjin sabon haihuwa, tana hayayyafa a ciki duk da garkuwar uwa. Idan aka ɗiga ta a kwanakin farko, an riga kumburin hanji da sauran ƙwayoyin cuta isa wurin, an kuma ba da kariya da wuri a ƙasashen da rota ke kama yara tun suna 'yan watanni. Shigewar hanji ma ba ta cika faruwa a wannan shekaru ba. Gwajin farko a Melbon bai yi armashi ba, ƙasa da rabin jariran ne jikinsu ya amsa, domin ƙwayar da ke cikin ɗigon ta yi kaɗan. Aka sake raina ta da yawa, aka kira ta RV3-BB. Julie Bines ta jagoranci gwajinta a tsibirin Jaba na Indonesiya, aka wallafa a 2018. Zuwa wata 18, kariya daga ciwo mai tsanani ta kai kashi 75 ga waɗanda aka fara wa a kwana 5 na farko, kashi 51 ga waɗanda aka fara wa a mako 8.

An yi ta yayata 75 da 51 a matsayin hujjar cewa farawa daga haihuwa ya fi. A duba lambobin da ke ƙarƙashi. Kowane rukuni na da jarirai kusan 500. A na ruwan wofi 28 suka yi ciwo mai tsanani, a na haihuwa 7, a na mako takwas 14. Cewa rigakafin na aiki, wannan ya tabbata, 7 da 28 ba wasa ba ne. Cewa jadawalin haihuwa ya fi ɗayan kuwa, duk maganar ta rataya ne a kan bambancin yara bakwai. Masu binciken da kansu sun ba da tazarar da gaskiyar ke iya faɗawa ciki: 44 zuwa 91 ga na farko, 7 zuwa 76 ga na biyu, kuma tazarar biyu sun hau kan juna sosai. Gwajin da aka yi a Blantyre ta Malawi, wanda ya fito a 2022, ya auna yadda jinin jarirai ke amsa ɗigon ne, bai ƙirga yaran da aka hana kwanciya asibiti ba. Idan aka tuna abin da ya sami ƙwayar Nebraska tsakanin Finlan da Gambiya, ya kamata a yi hattara da ɗauko lambar Jaba a liƙa wa Katsina.

Akwai wata matsalar da ba ta cikin kwalba. Rigakafin kwanakin farko na buƙatar a ga jariri a kwanakin farko. A Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 39 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Mai jego a gida take, tana wanka, kuma a gidaje da yawa ba a fita da jariri kafin suna. Gaskiya ne akwai rigakafin da ake bayarwa tun haihuwa, na tarin fuka da na shan inna da na ciwon hanta, don haka hanyar na nan. Amma su ma sau da yawa a makare ake samunsu. Ɗigon da amfaninsa ya dogara ga kwana 5 na farko zai fi yin tasiri a inda mata ke haihuwa a asibiti, kuma ba nan ne rota ta fi kisa ba.

Abin mamaki, tunanin Bishop ya riga rigakafinta isowa. Bhan ya samo nasa nau'in, 116E, a ɗakin jarirai na asibitin AIIMS a Delhi a tsakiyar shekarun 1980, bayan takardar 1983 ta nuna cewa irin waɗannan jarirai masu ƙwaya ba ciwo sun cancanci a bi su. Da aka duba kartocinsa 11, goma na mutum ne, ɗaya na saniya, kuma ba a ɗakin gwaji aka haɗa su ba, haka aka same shi. Shi ne ya zama Rotavac na kamfanin Bharat Biotech, wanda a gwajinsa na Indiya a kan jarirai kusan 6,800 ya ba da kariya ta kusan kashi 55. Gana ta sa rigakafin rota a jadawalinta a 2012, Nijar a 2014. Najeriya, wadda ita kaɗai ke da kusan kashi 14 na mutuwar rota a duniya a 2013, ba ta fara ba sai watan Agustan 2022, wata uku bayan rasuwar Bishop, kuma da Rotavac ta fara. Ana ɗiga shi a baki sau uku, a mako 6, mako 10 da mako 14, tare da sauran rigakafin da ake yi wa jariri a waɗannan ranaku.